Shayin Safe a Gwanzu: Me Ke Cikin Ƙullin Nan?

Ina zaman jiran gurbin shiga jami'a, sai Kawuna da ke sayar da kayan waya a Kano ya ce in raka shi ƙasar Sin, in riƙe masa jaka da littafin lissafi. Muka bi ta Addis Ababa muka sauka a Guangzhou, birnin da shi da abokansa ke kira Gwanzu, can kudancin ƙasar. Watan Oktoba ne, lokacin baje kolin Kanton, wanda ake yi sau biyu a shekara tun 1957. Mun sauka a unguwar Xiaobei, inda 'yan Afirka da Larabawa suka yi yawa, gidajen abincin Musulmi kuwa ko'ina. Kwana huɗu ina cin shinkafa da gasasshen naman rago, ban san ɗanɗanon abincin mutanen garin ba.

A rana ta biyar mai masana'antar da Kawu ke saro kaya a wurinsa ya gayyace mu shan shayin safe. Kawu na kiransa Laoban, wato maigida, ni ma haka na bi. Tafintanmu wani ɗalibi ne ɗan Damagaram da ke karatu a birnin. A mota ya ce mini, "Ƙanena, kada ka ji an ce shayi ka zaci na mai shayin bakin layinku ne. Babban abu ne a nan. Mutum ba ya gayyatarka sai yana son ku daɗe tare."

Da harshen Kanton ana kiran wannan zama yam ca, ma'ana shan shayi. Ƙananan abincin da ake ci tare da shayin su ne dim sam, kalmar da ake fassarawa da taɓa zuciya. Asalin abin daga ɗakunan shayi ne, inda leburori da 'yan kasuwa ke tsayawa su sha kofi ɗaya su ci 'yan loma biyu kafin su kama aiki. Yanzu manyan kamfanoni ne ke riƙe da kaso mai yawa na sana'ar. Tao Tao Ju, da aka buɗe a Gwanzu a 1880, yana da rassa a manyan kantuna. Tim Ho Wan, da ya fara a 2009 a wani ɗan shago mai kujeru 20 a Hong Kong, ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Mu dai wani reshe na irin waɗannan kamfanoni aka kai mu, a hawa na huɗu na wani katafaren kanti.

Ƙarfe tara na safe, amma sai da muka karɓi lamba muka jira. Ciki ya cika maƙil. Ga tsofaffi da jarida sun baje kamar a zauren gidansu, ga iyalai har da jikoki kewaye da teburi mai zagaye, hayaniya kamar gidan biki. Babu mai sauri. Wannan ya ba ni mamaki, domin duk inda na bi a birnin mutane gudu suke yi.

Abin farko da aka tambaye mu shi ne irin shayin da za mu sha, kuma kowane kai ana cajin kuɗin shayinsa, ko ka sha ko ba ka sha ba. Laoban ya zaɓi pu'er, wani baƙin shayi mai ƙamshin ƙasa bayan ruwan sama, ba sukari ba madara. Aka kawo buta da wani kwano babu komai a ciki. Na ɗauki kofina zan kurɓa, tafinta ya riƙe mini hannu. Ashe zubin farko na ɗauraye kofi ne da cokali da tsinkayen cin abinci, a juye ruwan a kwanon. Ba wai kayan na da datti ba ne, al'ada ce kawai ta mutanen Kanton. Sannan ba ka fara zuba wa kanka, sai ka zagaya kowa. Wanda aka zuba wa kuma sai ya ƙwanƙwasa teburi da yatsu biyu, godiyarsa ke nan. Suna ba da labari cewa wani sarkinsu, Qianlong, ya taɓa fita a ɓoye ya zuba wa baransa shayi, baran ya rasa yadda zai durƙusa ba tare da ya tona asirin sarki ba, sai ya lanƙwasa yatsu a madadin gwiwa. Idan buta ta ƙare, ka ɗaga murfinta ka bar shi a karkace, ma'aikaciya za ta zo ta ƙara ruwan zafi ba sai ka kira ta ba.

A da, mata ne ke tura amalanken abinci tsakanin tebura, kowa ya nuna abin da yake so. A wannan reshe Laoban waya kawai ya haska a kan wata alama da ke jikin teburi, ya yi ta danne-danne. Kafin minti goma kwanduna suka fara sauka, ƙananan madambatai na gora, an ɗora wani kan wani, kowanne da ƙulli uku ko huɗu suna tururi.

Sai in ce ban taɓa ganin abinci mai kyan gani irin har gau ba. Fatarsa ta sitacin alkama ce, siririya har kana hango jan jatan lande a ciki, an naɗe bakinta da ƙananan ninki kamar aikin hula. Kusa da shi siu mai, mai rawayar riga da buɗaɗɗen kai. Ga wani farin burodi turarre da ya tsage a sama, ga shinkafa mai danƙo a naɗe cikin ganyen wata shukar ruwa mai kama da bado, kamar yadda ake ƙulla alala. Yunwa kuwa ta ci ni, don ban karya ba.

Laoban ya sa tsinke ya ɗauko siu mai ɗaya ya ajiye a kwanona da hannunsa, yana murmushi. A wurinsu wannan karramawa ce ga baƙo. Na kai hannu ke nan, sai na ji ƙafar Kawu a kan tawa.

Tafinta ya tambayi ma'aikaciya me ke ciki. Ta ce nama da jatan lande. Ya juyo ya ce mana, a harshen Sinanci idan aka ce nama kawai ba a faɗi na wace dabba ba, to yawanci alade ake nufi. Siu mai na alade ne. Farin burodin nan cike yake da gasasshen alade. Shinkafar cikin ganye sunanta na kaza ne, amma akan saka mata busasshen tsiran alade. Na nuna har gau, na ce wannan ai jatan lande ne. Ya ce sau da yawa ana haɗa shi da kitsen alade don ya yi laushi, har ɓawon ɗan kek ɗin ƙwai da na ƙyalla ido a kai akan kwaɓa shi da man alade.

Laoban ya san ba ma cin alade, shi ya sa ma ya cika teburin da kaza da jatan lande. Bai taɓa tunanin kitse da mai ba, kamar yadda ni ma ba na tambayar wane mai aka soya ƙosai da shi. Fuskarsa ta yi ja. Ya kira shugaban ma'aikata ya ce a yi mana namu na daban. Mutumin ya ba da haƙuri da ladabi, ya ce ba zai yiwu ba: haɗin cikin ƙullin daga babban kicin ɗin kamfani yake zuwa, iri ɗaya ga duk rassa, su nasu turarawa ne. Abin da ya sa ɗanɗanon kowane reshe yake daidai da na ɗan'uwansa shi ne ya sa ba a iya canza komai saboda mutum uku.

Teburin ya yi shiru. Na san Kawu na da odar da ba a gama daidaita farashinta ba, na kuma ji tafinta ya ce kunyata mai masauki a gaban ma'aikata ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu. Raina ya ce, loma ɗaya fa? Kawu bai ko dube ni ba. Ya ɗauki buta, ya miƙe tsaye, ya zuba wa Laoban shayi da hannu biyu, ya ce a faɗa masa, "Shayi ka gayyace mu, ga shi kuwa muna sha. Ka ci naka, mu ma za mu samu namu." Laoban ya yi jim, sannan ya ƙwanƙwasa teburi da yatsu biyu ya fashe da dariya. Aka kawo mana farin kunun shinkafa da dafaffen ganye ba mai, da 'ya'yan itace. Muka yi awa biyu a wurin, aka ƙara wa buta ruwa ya fi sau biyar, aka yi hirar 'ya'ya da tsadar makaranta. Maganar farashi ba ta taso ba sam, kuma Kawu ya ce haka ya fi.

Ranar Juma'a muka yi salla a masallacin Huaisheng, ɗaya daga cikin mafiya tsufa a ƙasar Sin, mai wata doguwar hasumiya kamar fitilar jiragen ruwa. A nan tafinta ya nuna mini haruffa biyu da ake karantawa qingzhen, alamar halal, ya rubuta mini su a bayan littafin lissafi tare da haruffan alade da na man alade. Ya ce ba nisa da masallacin akwai tsohon gidan abinci na Musulmin ƙabilar Hui da ke yin dim sam.

Washegari Kawu ne ya gayyaci Laoban can. Mutumin da aka haifa a Gwanzu ya ce ya sha wucewa ta ƙofar, bai taɓa shiga ba. Siu mai na naman sa ne, burodin na kaza. Har gau ɗina na farko ya suɓuce daga tsinke ya faɗa cikin shayi, na biyu na soke shi kamar tsire, tafinta ya rufe fuska. Na ci kwando uku ni kaɗai. Sai aka kawo ƙafafun kaji a cikin jar miya, waɗanda suke kira faratan tsuntsun almara. Laoban ya ɗauko ɗaya ya ajiye a kwanona, ya tsaya yana kallona. Na waiga wurin Kawu ko zan sake jin ƙafarsa a kan tawa. Ya ce, "Wannan kam halal ce, ɗana. Bismillah."