Gashin Baki Tsakanin Fagge Da Sabon Gari

 

Ya 'yan'uwa, wataƙila wani zai ce me ya kai filin addini ga zancen gashin baki, alhali kuwa ga manyan al'amura jibge suna jiran bayani. To, abin da ya isa ya sa a yi wa limami kallon raini, ya sa ɗa ya ɗauki ubansa ɓatacce, ya kuma sa ɗan kasuwa ya ba wani bashi ya hana wani, ai ya wuce a kira shi ƙarami. Mu da muka tashi a Fagge, muka nemi abinci tsakaninta da Sabon Gari, mun ga duka ukun nan da idonmu, kuma duk a kan ɗan gashin da bai cika cokali ba.

Fagge wuri ne da ya dace a tsaya a duba wannan al'amari, domin tun asali zango ce a bayan ganuwar birni, inda ayarin Azbin ke sauke gishirin Bilma. Buzayen da ke jan raƙuman nan bakinsu a rufe yake da rawani, haka kuma sarakuna da manyan alƙalai na cikin birni suna jan amawali. Inda girma ke cikin rufe baki, gashin baki ba ya zama abin ado. Aikin wanzami ne kurum: ya zo da zabirarsa, ya wasa aska, ya aske kai ƙwal, ya yi gyaran fuska, ya rage abin da ya sauko kan leɓe, ya daidaita gemu, a sallame shi. Haka muka tarar iyayenmu na yi, galibi da hantsin Jumma'a, kafin a yi wanka a tafi masallaci.

Da Turawa suka ci Kano a 1903 sai ga wata irin fuska ta daban: haɓa a aske tas, leɓen sama kuwa cunkus da gashi. Wanda ya taɓa ganin hoton Gwamna Lugga ya san abin da muke nufi. Ba kuwa sha'awa ce kaɗai ba, doka ce, gama daga 1860 har zuwa watan Oktoba na 1916 an hana sojan Ingila aske leɓensa na sama. A shekarar nan ta 1903 kuma kamfanin Gillette na Amurka ya fara sayar da rezar da mutum zai aske fuskarsa da kansa ba sai ya nemi wanzami ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka yanka Sabon Gari a 1913 domin akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Kudu da sauran ƙasashen bakin teku. Kwarori kuma suka kafa kantuna a gefen Fagge, su ma da nasu salon. Kafin a jima sai gashin baki da askakkiyar haɓa suka zama alamar mai cin albashi.

Daga nan sai yayi ya yi ta sauyawa. Akwai mai kauri wanda ake murɗe gefensa kamar ƙahon rago, na hafsoshi da sajemanje. Akwai ɗan dunƙule a ƙarƙashin hanci irin na Charlie Chaplin, wanda ya mutu murus bayan 1945 saboda ya zama tambarin Hitila. Akwai siriri kamar an ja shi da alƙalami, wanda samari suka kwaso daga silima, tun daga Rex da aka buɗe a Waje a 1937, har zuwa lokacin da finafinan Indiya suka cika gari, fuskar Raj Kapoor ta zama sananniya ga yaran Fagge. A shekarun 1970 kuma aka koma tara suma da dogon saje da gashin baki mai duhu. Kowane ɗaya daga cikinsu an yi rantsuwa da shi a zamaninsa, kuma kowanne ya wuce. Kowa ya daɗe ya ga daɗau.

To, mene ne abin da bai wuce ba? Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa rage gashin baki na cikin abubuwa biyar na fiɗira, watau tsabtar da Allah Ya halicci ɗan Adam a kanta, tare da kaciya da yanke farce da cire gashin hammata da aske na mara. Sun kuma ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar umurnin rage gashin baki da barin gemu, domin a saɓa wa mushirikai. Muslim ya kawo daga Anas ɗan Malik cewa an yanka musu wa'adi, kada su wuce kwana 40 ba su gyara ba. Idan muka lissafa, kwana 40 bai cika Jumma'a shida ba. A cikin Muwaɗɗa an ambata cewa Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi, shi ne ya fara yin wannan gyara. Abu Dawuda kuwa ya kawo cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya ga gashin bakin Mugira ɗan Shu'uba ya yi tsawo, sai ya ɗora shi a kan asuwaki ya yanke abin da ya wuce. Ma'aunin ke nan, mai sauƙi, wanda ko talaka yana da shi a aljihu.

Inda malamai suka saɓa shi ne iyakar ragewar. Imamu Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, ya tafi a kan a rage har gefen leɓe ya bayyana, ya kuma ƙi a aske shi ƙwal, yana ganin haka ɓata halitta ne. Daga cikin hujjojinsa akwai labarin cewa Sayyidina Umar kan murza gashin bakinsa idan wani abu ya dame shi, wanda kuwa ya aske ƙwal ba shi da abin murzawa. Wannan shi ne abin da Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 386, ya rubuta a babin fiɗira na Risala, littafin da muka durƙusa muka karanta a zaurukan malamanmu. Imamu Nawawi na mazhabar Shafi'i, wanda ya rasu a 676, shi ma haka ya zaɓa. Amma Imamu Ɗahawi ya naƙalto cewa Abu Hanifa da almajiransa sun fi son a kai shi ƙasa sosai, kuma haka aka san Imamu Ahmad ɗan Hambali yana yi. Imamu Ɗabari kuwa ya ce mutum na da zaɓi tsakanin biyun, tun da ruwayoyi sun zo da lafuzzan da ke ɗaukar kowanne.

Daga ƙarshen shekarun 1970, bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, da yawaitar ɗalibanmu masu karatu a Madina da Masar, littattafan sauran mazhabobi suka yawaita a hannun jama'a. Wannan alheri ne, gama ilmi ba ya yawa. Abin takaici shi ne yadda wasunmu, ta kowane ɓangare, suka mayar da saɓanin da limamai suka yi cikin ladabi ya zama tutar rigima. Mun ga saurayi ya ƙi gaida dattijon da ya girmi ubansa don ya bar gashin baki daidai gefen leɓe, bai san fatawar Malik dattijon ke bi ba. Mun kuma ga dattijo ya kira yaro ɗan bidi'a don ya kai nasa ƙasa, bai san Ahmad ɗan Hambali ya riga yaron ba. Kowannensu in an taɓa nasa sai ya harzuƙa, wanzami dai ba ya son jarfa. Haka nan 'yan'uwanmu masu aikin ɗamara, waɗanda dokar aikinsu kan hana barin gemu, sau da yawa a kan yanke musu hukunci tun daga ƙofar masallaci, ba tare da an tambayi uzurinsu ba.

Ku 'yan kasuwa, wannan ya fi shafarku. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma baƙin ciki da farin ciki ake nufi, ba amana ba. Mun san wani mai atamfa da ya ɗora wa baƙo diloli bashi ba rubutu ba shaida, don kawai ya ga fuskarsa ta yi kama da ta masu tsoron Allah, har yau yana jiran kuɗinsa. Mun kuma san wani akawu mai siririn gashin baki irin na silima, wanda aka daɗe ana yi masa kallon ɗan duniya, ya yi shekara talatin yana riƙe da kuɗin jama'a kwabo bai yi ciwon kai ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umurni take a rubuta bashi a kafa shaidu, ba ta ce a duba fuska ba. Almakashin wanzami na iya gyara mutum cikin minti biyar, gaskiyar mudu da ta yadi kuwa sai an shekara ana gwadawa.

Saura abu guda, tun da tsabta ce asalin wannan sunna. Likitoci sun tabbatar cewa ciwon hanta da cutar ƙanjamau na iya bin jinin da ya saura a kaifin aska ko reza daga wani zuwa wani. Saboda haka wanda zai zauna gaban wanzami a Fagge, ko ya shiga shagon aski a titin Faransa a Sabon Gari, ya nemi a ɓare sabuwar reza a gabansa, ko ya tafi da askarsa da kilifarsa. Ba raini ba ne ga mai sana'a, kiyaye rai ne, nasa da na wanda zai zauna bayansa.

Abin da muke roƙo dai kaɗan ne. Kowa ya dubi madubi ranar Jumma'a, in gashi ya rufe leɓe har yana shiga koko da fura, ya rage. Wanda ya bi Malik ya yi daidai, wanda ya bi Ahmad bai ɓata ba. Sa'an nan mu sauke ido daga leɓen maƙwabci, mu mayar da shi kan abin da ke fita daga namu bakin, gama shi ne mala'iku ke rubutawa.

Allah Ya tsarkake zahirinmu da baɗininmu, Ya haɗa kawunanmu a kan gaskiya, amin.