Batirin Sallah

Na yi mako guda ina lissafin tafiyata tsakanin gida da ofis, na tarar ba ta kai kilomita 30 a rana. Amma in zan sayi motar lantarki, sai na biya kuɗin babban batiri, abin da ya fi komai tsada a jikinta, in riƙa jan nauyinsa kullum saboda ganin gida sau biyu a shekara.

A 2019 kamfanin Fiat na Italiya ya nuna samfurin Centoventi. Batirinta na asali yana cin kilomita 100, ana kuma ƙara wasu, na saye ko na haya, har a kai 500. Ba ta shiga kasuwa ba. Irinta nake jira, in sayi batirin zuwa aiki, in yi hayar na Sallah.