Daga Tasawa zuwa Mayahi: takalmi sai wanda ya yi daidai da ƙafa

A wannan wata za mu zaga da ku ƙasar Tasawa da ƙasar Mayahi, cikin jihar Maraɗi. A wannan tafiya idonmu yana ƙasa, wurin da ƙafa take takawa. Maganarmu ta takalmi ce: wane iri ya dace da ƙasarmu, kuma yaya mutum zai zaɓi sabo wanda ba zai cuce shi ba.

HANYA DA ƘASA

Wanda ya taso daga Maraɗi ya nufi gabas bisa kwaltar da ke zuwa Damagaram, zai wuce Cadawa, ya wuce Agye, ya wuce Gazawa, sannan ya sauka Tasawa. Tasawa tana kusan tsakiyar hanya. Mayahi kuwa tana arewa maso yamma da Tasawa, a bakin Gulbin Kaba.

Mota iyakarta bakin hanya. Daga nan sai amalanke, sai babur, sai ƙafa. Gona da ƙafa ake zuwa. Rijiya da ƙafa. Kiwo da ƙafa.

Yawancin ƙasar nan jigawa ce, rairayi mai laushi. A watan Afrilu da Mayu zafi yakan wuce awo 40 ko a inuwa, rairayi kuwa ya fi haka nesa. Da damina tsaidau yana shimfiɗe bisa turba. Da kaka ƙarangiya ta bushe, tushiyar kara kuma tana tsaye a gona kamar mashi. Tun shekarun 1980 manoman jihar Maraɗi suka rungumi sassaben zamani, suna barin itatuwa su tofo cikin gonaki. Gawo ya dawo, aduwa ta dawo, magarya ta dawo. Wannan alheri ne babba. Amma duk itatuwan nan ukku masu ƙaya ne, kuma ƙayar a ƙasa take faɗuwa.

ABIN DA AKE GANI RANAR KASUWA

Ranar kasuwar Tasawa, ka tsaya a bakin gari da hantsi, ka dubi masu shigowa. Za ka ga wani da takalmi a hannu. Wani ya rataya nasa a sanda. Wata ta ɗora nata bisa kayan da ke kanta. Sai an iso bakin kasuwa kowa ya kakkaɓe ƙafa ya saka.

Wasu tattali suke yi, kada takalmin ya ƙare da wuri. Amma da yawa ciwo ne ya sa suka tuɓe. Takalmin ya matse yatsu, ko ya ci dunduniya, ko ya yi yawa yana kwasar rairayi. An biya kuɗi, an samu wahala. Wurin da ƙaya take, nan aka taka ba takalmi. Wurin da aka share, nan aka saka shi.

Takalmin da ke rataye a sanda ba ya tsare kowa. Don haka kafin a tambayi kyau, kafin a tambayi kuɗi, a fara tambaya: ya yi daidai da ƙafata?

A RUMFAR DUKAWA

Aikin fata tsohon aiki ne a ƙasar Hausa. A watan Janairu na 1851 wani matafiyi Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka Tasawa. Daga nan ya bi ta Gazawa da Katsina ya kai Kano. Ya rubuta cewa takalman fata na Kano suna cikin manyan hajojin da fatake ke kaiwa ƙasashe masu nisa.

Fata mai kyau kuwa a gidanmu take. Jar akuyar Maraɗi, wadda ake kiwo da yawa a ƙasar Tasawa, fatarta ta yi suna har Turai saboda laushi da ƙwari. Majema suna jiƙa fata cikin ruwan toka su cire gashi, sannan su jeme ta da ƴaƴan bagaruwa. Da karan dafi ake rina ta ja. Baduku yakan yi ƙasan takalmi da fatar sa mai kauri, ya yi sama da maɗauri da fatar akuya.

Ga inda baduku ya fi kanti. Idan ka ba shi aiki, zai sa ka taka bisa fata ko takarda, ya zaga ƙafarka da zane. Ya ga tsawo, ya ga faɗi. Idan hancin takalmi ya dame ka, ka komo ya gusa shi. Idan maɗauri ya saki, ya rage shi da basilla nan take.

Wannan dabara ba tamu kaɗai ba ce. A duwatsun Faransa da Suwizalan, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa da hunturu, akwai masu wasan zamiya da dogayen katakai a ƙafa. Takalminsu na roba ne mai tauri, yana kaiwa ƙwauri. Mai sayarwa yakan auna ƙafa da santimita, tsawo da faɗi. Wani lokaci har ya ɗumama cikin takalmin don ya ɗauki siffar ƙafar mai shi. Su sanyi suke gudu, mu zafi da ƙaya, amma doka ɗaya ce: ƙafa ake fara aunawa.

A RUMFAR MASU TAKALMIN KANTI

Yanzu takalman roba da silifa da na gwanjo sun cika kasuwa, wasu daga Nijeriya, wasu daga Sin. Su ba a auna su da ƙafarka ba. Lamba ce kawai aka buga a ƙasansu ko a cikinsu.

Wanda ya iya karanta lamba ya huta. Lambar Faransa ita ce 38, 39, 40, 41, 42, 43 da sauransu. Kowace lamba ukku santimita 2 ne. Ke nan tsakanin 40 da 41 bai kai faɗin ɗan yatsa ba. Akwai kuma lambar Ingila mai 6, 7, 8, 9. Lamba 8 ta Ingila kusan ita ce 42 ta Faransa.

Amma lamba tsawo kaɗai take faɗi. Mu da muka tashi muna yawo ba takalmi, ƙafarmu tana da faɗi, yatsunmu a buɗe suke. Takalmin kanti sau da yawa siriri ne a gaba. Yana iya yin daidai a tsawo, ya matse a faɗi. Kuma 42 na wannan masaƙa ba lalle ya zama ɗaya da 42 na waccan ba. Takalmin gwanjo kuwa ya riga ya ɗauki siffar ƙafar wani. A duba dunduniyarsa: idan ta cinye gefe ɗaya, zai karkatar da tafiyarka.

Akwai kuma takalmin taya, abokin makiyayi. Ƙaya ba ta huda shi da sauƙi, kuma yana daɗewa. Aibinsa nauyi da zafi, da ƙusoshin da ake kama maɗauri da su. A shafa cikinsa da hannu kafin a biya. Idan kan ƙusa ya leƙo, a sa a danne shi.

ZUWA MAYAHI DA GULBIN KABA

Daga Tasawa idan aka doshi Mayahi, ana ratsa jigayi da gonakin hatsi da wake da gyaɗa, har a gangara cikin gulbi. Gulbin Kaba tsohon kwari ne. Ba kogi ne mai gudu kullum ba. Goriba ce dukiyarsa. Da kaba ake saƙa tabarma, ake tufka igiya, ake yin faifai. Mata da yara da yawa suna shiga yankan kaba. Reshen goriba yana da ƙaya mai lanƙwasa, kuma duhuwar kaba maɓoyar maciji ce da kunama.

Ta ƙasar nan ne kuma burtali ke bi. Da faɗuwar damina Fulani da Buzaye suna kora dabbobi arewa, su bar gonaki. Bayan girbi su komo. Tafiya ce ta kwanaki. Ku dubi takalmin Buzaye: ƙasansa shimfiɗaɗɗe ne, ya fi ƙafa faɗi. Ba ado ne kaɗai ba. Faɗin nan yana hana nutsewa cikin rairayi, yana kuma tare ƙaya daga gefe.

Ga mai yankan kaba, da mai noma cikin ciyawa, da mai ɗaurin damma, takalmi buɗaɗɗe bai isa ba. Yawancin saran maciji a ƙafa ne ko ƙwauri. Kububuwa ƙarama ce, launinta kamar ƙasa, ba a ganinta da wuri, dafinta kuwa yana sa zubar jini. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci. Dogon takalmin roba, wanda ake kira bot, yana rage wannan haɗari ƙwarai. Amma yana sa gumi, kuma idan ya yi yawa yana goge dunduniya har ta yi bororo. A gwada shi da safa a ƙafa, don da safa za a sa shi. Da dare a kife shi bisa sanda ya sha iska. Da safe a zazzage shi kafin a zura ƙafa, don kunama tana son duhu.

ABIN DA ƘAYA KE KAWOWA

Wani zai ce, ƙaya ce kawai, a cire da matsefata a wuce. Likitoci sun san abin da ke biyo baya.

Na ɗaya, tetanos. Ƙwayar cutar tana cikin ƙasa da kashin dabbobi. Tana shiga ta rauni, ta sandare jiki, ta sarƙe haƙora. Akwai allurar rigakafinta a gidan likita.

Na biyu, wani kumburin ƙafa da likitoci ke kira misetom. Shi ma ta sukar ƙaya yake shiga. Yana farawa da ɗan kumburi marar zafi. Bayan watanni ko shekaru sai ya huhhuje, yana fitar da ruwa da ƴan tsaba ƙanana. Idan aka yi jinkiri yana kaiwa ƙashi, har a yanke ƙafa. A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin wancan jeri.

Na ukku, masu ciwon suga da waɗanda kuturta ta taɓa. Ƙafarsu takan daina jin zafi. Takalmi yana cin su ba su sani ba, sai an ga gyambo. Su kam kullum da yamma su duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu.

Akwai babban asibiti a Tasawa, akwai a Mayahi, akwai kuma gidajen likita a manyan garuruwa kamar Urafan da Maijirgi da Kanambakashe. Wanda maciji ya sara, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure da ƙarfi. A ɗauke shi a kai shi da gaggawa.

DOKOKIN SAYEN SABON TAKALMI

1. Ka gwada bayan ka yi tafiya, ko da la'asar. Ƙafa takan ɗan kumbura da yini. Wanda ya yi daidai da sassafe yana iya matsewa da yamma.

2. Ka gwada ƙafa biyu. Sau da yawa ɗaya ta fi ɗaya. Babbar ake bi.

3. Ka miƙe tsaye, ka taka, ka tsuguna kamar mai shuka. A zaune ba a sanin takalmi.

4. A takalmi rufaffe, a bar wuri kamar faɗin babban yatsan hannu a gaban yatsun ƙafa. Dunduniya kuma kada ta riƙa fita.

5. A buɗaɗɗe, kada yatsa ko dunduniya su leƙa waje.

6. Idan mai sayarwa ya ce zai buɗe, ka tuna: fata tana sakewa kaɗan a faɗi, ba ta ƙara tsawo. Roba kuwa yadda ka saye ta haka za ta zauna.

7. Idan za ka sayo wa maiɗaki ko yaro, ka sa su tsaya, ka yanki kara daidai tsawon ƙafa, ka yanki wani daidai faɗi. Ka tafi da su kasuwa. Ƙafar yaro tana girma da sauri. Awon bara ba ya yi bana.

8. Sabon takalmi ba a fara shi ranar doguwar tafiya. A sa shi kaɗan kaɗan a gida, kwana biyar ko mako guda. A shafa wa maɗaurin fata ɗan man shanu ko man gyaɗa ya yi laushi. Idan ya jiƙe, a shanya a inuwa. Wuta tana busar da fata ta tsage.

9. Idan bororo ya fito, a wanke da ruwa da sabulu, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a huta da takalmin har ya warke.

Ƴan uwa, manomin da ƙafarsa ta kumbura a watan noma ya rasa kwanakin da ba su komowa. Makiyayin da ya gurgunce a burtali ya bar garke hannun yara. Araha ba ta ado. Gara ka ƙara ƴan kuɗi, ko ka jira kasuwa mai zuwa, da ka sayi abin da za ka rataya a sanda. Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa kafin ranar kasuwa. Sai wata mai zuwa.