Kunkurun da Wuta Ta Lasa

Idan shekarunka sun kai hamsin ko sun kusa, ba sai an yi maka bayanin motar nan da muke kira Kunkuru ba. Ita ce Volkswagen Beetle, mai ƙusumbi da zagayayyun fitilu, wadda ake jin ƙararta tun kafin ta shawo kwana. A Jamus aka ƙirƙiro ta a shekarun 1930, bisa zanen injiniya Ferdinand Porsche. Daga 1975 aka shiga harhaɗa ta a Legas, kuma malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati da yawa da ita suka soma mallakar mota. An ƙera fiye da miliyan 21 kafin ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Puebla a ƙasar Meziko, a watan Yuli na 2003. Yau da wuya ka gan ta a kan titi. An fi ganinta a bayan gareji, tayoyi sun sace, kaji suna kwana a ƙarƙashinta.

Ina da guda ɗaya, kuma shekara uku ke nan ina gyaranta a ranakun hutuna. Na saye ta da araha, a kan kuɗin da bai kai na tsohon babur ba, domin gobara ta cinye bayanta a hannun mai ita na dā. Ina so in gaya maka abin da wannan aiki ya nuna mini game da mutanen da wuta ta taɓa, gama a kowace ikkilisiya akwai su.

Bari in fara da yadda irin wannan mota take kama wuta. Injinta a baya yake, tankin fetur kuma a gaba. Ba ta da lagireto, ba a zuba mata ruwa. Iska ce take sanyaya ta. Akwai fanka da bel yake juyawa, tana hura iska ta cikin rufin kwano zuwa kan silinda huɗu da suke kwance, biyu a dama, biyu a hagu. Fetur yana isa ga kafireta ta wani siririn tiyo na roba wanda kaurinsa bai fi na ɗan yatsa ba. Shekara da shekaru zafi yana gasa robar nan har ta bushe ta tsage. Sai fetur ya riƙa ɗiga kusa da wayoyin da suke kai wuta ga fulogi. Tartsatsi ɗaya ya isa. Direba yana gaba yana tuƙi hankali kwance, sau da yawa sai na bayansa sun yi masa ihu kafin ya san abin da yake faruwa. Gangar jikin injin kuma an zuba ta ne da ƙarfen da ya ƙunshi magnesiyam, wanda in ya kama yakan ci da tsananin zafi, ruwa ma ƙara hura shi yake yi. Tawa motar ta tsira domin mutanen da suke wurin sun yi sauri sun watsa mata yashi.

Ka lura da wannan, ɗan'uwana. Abin da ya ƙone mota sukutum ɗan tiyo ne da ake saye da kuɗin cefanen yini guda. Haka faɗuwar mutum take. Ba a kwana ɗaya dattijon ikkilisiya yake taɓa kuɗin baiko, ba kuma a dare ɗaya aure yake rushewa. Akwai wani ƙaramin wuri da ya daɗe yana ɗiga a inda ido ba ya kaiwa: addu'a da aka daina, ƙaramar ƙarya da aka saba da ita, fushin da aka kwana da shi har ya zama ɗan gida.

Da aka jawo motar zuwa gidana, shawara iri biyu na samu. Waɗansu suka ce in kira 'yan gwangwan su auna ta a kilo, in karɓi abin da ya samu, tunda abin da wuta ta ci ya riga ya tafi. Waɗansu kuma suka ce in sa a goge baƙin, a fesa mata sabon fenti, a haɗa wayoyi yadda za ta tashi, in sayar wa wanda bai san tarihinta ba. Duka shawarwarin biyu suna da sauƙi, duka kuma ba sa bukatar mutum ya ɓata hannunsa.

Wani tsohon bakanike a unguwarmu, wanda ya yi ƙuruciyarsa a kan irin waɗannan motoci, shi ne ya zo da magana ta uku. Bai dubi fentin da ya ƙone ba. Ya ɗauki sifana, ya kama notin da yake juya injin, ya murɗa a hankali. Injin ya juya. Sai ya ce, "Fasto, wuta ta ci rigarta, amma ba ta kai ga ranta ba. In kana da haƙuri, za ta tashi." Na ce, "Baba, haƙurin wata nawa?" Ya yi dariya ya ce wanda yake ƙirga watanni bai shirya ba tukuna.

Aikin kuwa warwarewa ne kafin haɗawa. Bodin Kunkuru ɗaure yake da noti a kan shimfiɗar ƙasa, don haka ana iya kwance shi a ɗaga gaba ɗaya, a ga abin da yake ɓoye. Wayoyin lantarki duka muka cire, har waɗanda suke da kyan gani, domin zafi yakan narkar da rigar waya daga ciki, ta bar tarkon wata gobarar. Ƙarfen da ya sha wuta yakan yi saurin tsatsa, saboda haka sai da muka kankare shi har ya fito fari kafin a shafa masa kome. Fentin da aka fesa a kan ƙuna ba ya daɗewa sai ya kumbura ya ɓare. Waɗansu sassan sai da na yi ta zirga-zirga a kasuwar Panteka ta Kaduna kafin a tono mini su. Ko ƙananan kwanukan da suke lulluɓe injin ba a barin ɗaya, gama in guda ya ɓace iska za ta bi wata hanya, injin ya yi zafi ya lalace. Tazarar bawul ma sai injin ya huce sarai ake auna ta, milimita 0.15. Wanda ya auna da zafi ya yi aikin banza.

Yanzu ka dubi yadda muke yi da ɗan'uwan da ya faɗi. Sau da yawa hanyar 'yan gwangwan muke bi. A sanar da horonsa a gaban jama'a, ya koma kujerar baya, daga nan ba mai sake taka ƙofar gidansa. Labarinsa ya zama abin hira bayan sujada, matarsa ta ji kunyar zuwa zumuntar mata, 'ya'yansa su janye daga ƙungiyar mawaƙa. In kuwa mai hali ne ko mai dangi, sai mu bi hanyar fenti. A yi wata uku a ce ya tuba, a mayar masa da matsayinsa, ba wanda ya zauna da shi ya tambaya daga ina ɗigon ya fara. Bayan shekara biyu wutar ta sake tashi a wuri ɗaya, mu kama baki muna mamaki.

A Galatiyawa 6:1 Manzo Bulus ya ɗora wa masu ruhaniya nauyin komo da wanda aka kama cikin laifi, da tawali'u, suna kuma lura da kansu. Kalmar Helenanci da ya yi amfani da ita a nan, wato katartizo, ita ce Markus ya yi amfani da ita a sura ta 1 aya ta 19, inda Yakubu da Yahaya suke gyaran tarunansu a cikin jirgi. Mai gyaran taru zama yake yi, ya bi zaren da yatsa, ƙulli bayan ƙulli, domin yana nufin ya sake jefa tarun a ruwa. Wannan shi ne manufar horon ikkilisiya, mutum ya sake zama mai amfani a aikin Ubangiji.

Ka tuna kuma da Bitrus. A bakin wutar gawayi ya yi musun Ubangijinsa, kamar yadda Yahaya sura ta 18 ta nuna. A sura ta 21, bayan tashin Yesu daga matattu, a bakin wata wutar gawayi ce Ubangiji ya tarye shi. Ya fara ba shi abinci, sa'an nan ya yi masa tambaya sau uku, daidai da yawan musun da ya yi. Tambayar ta yi wa Bitrus zafi, gama kankara ce har zuwa farin ƙarfe. Amma kowace amsa, aiki ne ya biyo bayanta, aikin kiwon garke. Annabi Zakariya ma, a sura ta 3, ya ga Yoshuwa babban firist tsaye da ƙazaman tufafi, Shaiɗan yana gefensa yana ƙararsa. Ubangiji ya tsawata wa mai ƙarar, ya kwatanta Yoshuwa da itacen da aka ceto daga wuta, ya sa aka tuɓe masa ƙazaman kafin a sa masa masu tsabta.

Wataƙila kai da kake karanta wannan, kai ne wutar ta lasa. Ko ka kunna ta da hannunka, ko wani ne ya kunna maka, ƙaurin yana biye da kai, har kana ganin darajarka ta koma ta kilo. A nan misalina ya gaza, kuma ina murna da gazawarsa. Ni na sayi motata da araha saboda ta ƙone. Allah kuwa ya san iyakar ƙunarka, duk da haka bai nemi ragi ba. Wasiƙar Bitrus ta Fari, sura ta 1, ta tuna mana cewa farashin fansarmu jinin Almasihu ne, abin da azurfa da zinariya ba su kai ba. Wanda ya biya haka ba zai bar ka a bayan gareji ba. Sai dai ka yarda ya warware, ya cire har wayoyin da kake ganin lafiyarsu ƙalau. Ka nemi amintaccen mai bi, ka nuna masa inda ɗigon yake.

Kai kuma da kake tsaye, akwai wani suna da ya faɗo maka a rai tun ɗazu, wanda kujerarsa ta daɗe ba kowa a kai. Ka je gidansa a wannan mako. Kada ka tafi da wa'azi, kada kuma ka tafi neman labari. Ka gaishe shi, ka zauna, ka saurara, ka koma mako mai zuwa.

Mu yi addu'a. Ya Uba mai jinƙai, kai da kake ganin rai a inda mutane suke ganin toka, ka nuna mana ƙananan wuraren da suke ɗiga a cikinmu tun wuta ba ta tashi ba. Ka ba ikkilisiyarka haƙuri da tawali'u ta komo da waɗanda suka faɗi. Waɗanda suka ƙone kuma, ka tashe su domin ɗaukakar sunanka. A cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu, amin.