Fitila na ci, piriz ya mutu: labarin ɗakin ƙarfen Kawu

 

Yau maganar wuta zan yi, amma ba wadda ake ɗaukewa gari ya yi duhu ba. Wadda nake nufi ita ce wutar da ke nan ƙalau a bakin ƙofa, amma ta ƙi shigowa cikin piriz, wato soket ɗin da muke soka caja da firigo.

Mu mutanen Tchirozerine ba baƙin wuta ba ne. Nan Anu Araren ake haƙar gawayin ƙasa. An kafa SONICHAR a 1975, tun farkon shekarun 1980 injunanta biyu ke juyawa, kowane ɗaya megawat 18,8, suna aika wuta zuwa ma'adinan uraniyom na Arlit da kuma Agadas. Yaron garin nan ya buɗe ido yana ganin manyan wayoyi sun miƙe cikin daji. To amma sanin inda ake haihuwar wuta daban, sanin hanyar da take bi cikin ɗakinka daban. Nan ne da yawanmu ke tuntuɓe.

Kun lura yadda ɗakunan ƙarfe suka yawaita a yankin nan. Akwai kwantena da aka huda wa taga, akwai karaban, ɗakin nan mai taya da mota ke ja. Da can kamfanonin hanya da masu binciken ma'adinai ne ke kwana ciki. Tun da aka gano zinariya a Djado da Tchibarakaten a 2014, masu nema suka shiga sayensu. Da COMINAK ta rufe a ƙarshen watan Maris na 2021 kuwa, cikin waɗanda suka rasa aiki akwai mutanen da na sani da suka koma ƙananan sana'o'i: wani aski, wani cajin salula, wani ruwan sanyi. Ɗakin ƙarfe shi ya zama shagonsu.

Kawuna yana cikinsu. Ya sayi wani tsohon karaban a Arlit, aka jawo shi bayan mota ta hanyar uraniyom. Wanda ya bi hanyar nan ya san yadda take girgiza ƙashi, balle ƙarfe. Aka kafa shi kusa da kasuwa, ya ja wuta daga kwantar wani maƙwabci bisa yarjejeniya, ya jera caja-caja, ya sa ƙaramin firigo. Daga nan ake cefanen gidansa, mutum tara.

Wata safiya cikin watan Mayu, lokacin da zafi ke kan ganiyarsa, ya kira ni.

"Ɗana, zo ka ga abin mamaki. Fitila na ci, amma piriz duk sun mutu. Salular mutane goma sha wani abu na hannuna, ruwa ya fara ɗumi."

Na ce, "Kawu, gidan maƙwabcin akwai wuta?"

"Akwai, ga talabijin ɗinsu nan ina ji."

Da na isa na tarar mutane sun riga sun taru, kowa da fatawarsa. Wani ya ce wutar ce ta zo da rauni. Wani ya ce firigo ya ƙone. Wani matashi mai karambani ya buɗe ƙaramin akwatin da ke bayan ƙofa, ya ga maɓalli ɗaya ya faɗi. Ya ɗaga, ya faɗi. Ya sake ɗagawa, ya sake faɗuwa. Sai ya ce, "Alhaji, wannan abin ya tsufa ne kawai. A ba ni guntun waya in haɗa kai tsaye, minti biyu an gama." Kawu har ya fara laluben aljihu, don masu salula sun fara guna-guni.

Allah ya sa akwai wani dattijo da ke shan shayi a rumfar gefe, wanda ya yi shekaru yana aikin lantarki a ma'adinai kafin ya ajiye aiki. Ya taso a hankali ya ce, "Yaro, cire hannunka. Abin nan da kake cewa ya tsufa, magana yake yi, ku ne ba ku jin yarensa."

Abin da na gani ya yi a cikin awa ɗaya shi nake son in ba ku, don ba sihiri ciki. Tsari ne kawai: ya bi wutar daga inda ta fito zuwa inda ta tsaya, bai tsallake ko taki ɗaya ba.

Da farko ya warware mana abin da ya ruɗa Kawu. Karaban wuta iri biyu gare shi. Akwai ta batir, bolt 12, ita ke kunna ƙananan fitilu. Akwai kuma ta bolt 220, wadda ke shigowa daga waje, ko daga layin gari, ko gurup, ko na'urar da ke juya wutar batir. Ita ce ke zuwa piriz. Don haka fitila ta ci ba hujja ba ce cewa babbar wuta ta shigo. Hanyoyinsu daban ne.

Sannan ya ce a kawo masa fitila mai fulogi wadda aka tabbatar tana aiki. Ya je can gidan maƙwabci ya soka, ta kama. Ya dawo ƙarshen doguwar wayar da ta kawo wuta, ya soka, ta kama. Ke nan layin gari ba shi da laifi, doguwar waya ma lafiya lau take. Ya ce mana sau da yawa nan matsalar ke ƙarewa: akuya ta tauna waya, amalanke ya taka ta, ko fulogi ya narke don ba ya zama daram. Mutum ya yi ta zagin kamfani alhali abin yana ƙofar shagonsa.

Daga nan ya koma akwatin bayan ƙofa. Ya nuna mana maɓallai iri biyu. Ƙananan su ne dizonkiter, aikinsu su yanke wuta in an ɗora kaya fiye da ƙarfin waya. Mai lamba 16 yana ɗaukar wajen wat 3500, ba fiye ba. Butar lantarki ɗaya kan ci 1500 zuwa 2000. Ka haɗa ta da dutsen guga, ka ga an kai gaci. Kuma a zafi irin namu, da ke wuce digiri 40 a inuwa balle cikin ƙarfe, dizonkiter kan faɗi da wuri fiye da lokacin sanyi, don zafi yake aunawa.

Amma wanda ya faɗi a shagon Kawu ba cikin waɗannan yake ba. Mai faɗin ne, mai ɗan maɓallin gwaji a jikinsa, an rubuta 30 mA. Dattijo ya ce sunansa difaransiyel. Shi ba ruwansa da yawan kaya. Yana auna wutar da ta fita ta waya ɗaya da wadda ta dawo ta ɗayar. In wadda ta dawo ta gaza, ko da ɗan kaɗan ne, ya san wuta ta ɓalle ta bi wata hanya, ko ta jikin ƙarfe, ko ta jikin mutum. Nan take sai ya yanke.

Ya sa aka zare komai daga piriz, har firigo. Ya ce in maɓallin ya tsaya, sai a riƙa mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya, wanda aka soka ya faɗi, shi ne mai laifin. Ya ɗaga. Ya faɗi, babu ko caja ɗaya a jiki.

Ya girgiza kai ya ce, "To Alhaji, ba kayanka ba ne. Cikin bango take."

Ya fita da kansa ya zare doguwar wayar daga gidan maƙwabci, ya naɗe kanta ya ajiye kusa da ƙafarsa inda yake gani. Ya ce kada ka taɓa buɗe piriz don wani ya ce maka ya kashe. Ka zare da hannunka, ka gwada, sannan ka taɓa. Ya fara kwance piriz ɗaya-ɗaya. Na farko ƙura ce kawai. Na biyu, na bayan firigo, yana cire murfin muka ga abin. Jar wayar ta kwance daga sukurinta, robar jikinta ta goge a gefen ƙarfe, jan ƙarfen da ke ciki ya fito yana taɓa jikin karaban. Girgizar hanya ta fara aikin tun ranar da aka jawo shi, rawar injin firigo ta ƙarasa.

Dattijon ya juya ga matashin nan, ba faɗa ba tsawa, ya ce, "Da ka haɗa kai tsaye, da ɗakin nan gaba ɗaya ya zama waya. Wa ke fara kama ƙofar nan da safe?"

Kowa ya yi shiru, don mun san amsar. Yara ne, ƴan aike masu zuwa sayen ruwan sanyi, galibinsu ba takalmi, ƙasan ƙofar kuma kullum a jiƙe take da ruwan firigo. Kawu ya zauna kan benci yana ta salati.

Gyaran bai ɗauki lokaci ba. Ya yanke wurin da ya goge, ya sa wayar cikin bututun roba inda ta ratsa ƙarfe, ya ɗaure sukuri, ya bi sauran piriz ya matse su duka. Ya nuna mana launuka: shuɗiya ita ce ta dawowa, mai kore da rawaya ta ƙasa ce, ja ko ruwan ƙasa ita ce mai wuta. Ya duba sandar da aka kafa a ƙasa don wayar ƙasa, ya ce a yashi busasshe irin namu gajeriyar sanda ba ta wadatarwa, a nemi doguwa a kafa inda ke samun danshi. Da ya mayar da wuta, ya danna maɓallin gwaji, difaransiyel ya faɗi, ya ce yawwa, haka ake so. Ya ce Kawu ya riƙa dannawa kowane wata.

Kafin ya koma ga shayinsa na tambaye shi, "Baba, in wasu piriz na aiki wasu ba sa yi fa?"

Ya ce wannan ta fi sauƙi. A irin ɗakunan nan piriz jere suke kamar raƙuman ayari, kowane yana karɓa daga na gabansa. In igiya ta tsinke wuri ɗaya, duk na baya sun tsaya. Sai ka nemi na ƙarshe mai aiki da na farko da ya mutu, matsalar tana cikin ɗayansu. In ka ga murfi ya yi baƙi ko kana jin warin roba, kada ka sake soka komai sai an canza shi.

Ga ƴan uwanmu na daji masu faifan sola da batir kuwa, ya ce su fara da na'urar juya wuta, wadda ƴan Najeriya ke kira inbata. In batir ya yi ƙasa sosai takan kashe kanta, piriz su mutu alhali fitila na ci. Batir mai bolt 12 da ya cika yakan nuna wajen 12,6 in yana hutawa. In ya sauka ƙasa da 12, yunwa yake ji. Kuma faifan da ƙura ta rufe ba ya ba da abin kirki, a riƙa goge shi. Na'ura mai wat 1000 ba za ta ja butar lantarki ba komai lallashi. In fis ɗinta ya ƙone, a sa mai lamba iri ɗaya, ba takardar sigari ko guntun waya ba.

Ƴan uwa, na san halin da ake ciki. Mai shago da salular mutane a hannunsa ba ya son jin "dakata". Ranar da ba ciniki, ranar ba tukunya. Shi ya sa mai cewa minti biyu an gama ya fi daɗin saurare. Amma ɗakin ƙarfe ba ɗakin laka ba ne. A ɗakin laka waya ta goge tana iya shekara ba wanda ya sani. A na ƙarfe, bango da ƙofa da taga duk su ɗauka. Ga damina, ruwan kori da danshi na shiga ko'ina, lokacin ne irin wannan ya fi faruwa.

Abin da kowa zai iya yi da kansa shi ne ya gwada mafarin wuta, ya duba doguwar waya, ya zare kaya ya mayar ɗaya-ɗaya. In maɓalli ya ci gaba da faɗuwa babu komai a jiki, to a tsaya nan, a kira wanda ya san aikin. Garin nan da Arlit cike suke da dattawan da suka yi rayuwarsu cikin lantarki, suna zaune a rumfuna ba mai tambayarsu. Mu neme su, mu biya su haƙƙinsu, mu tura yaranmu su koya tun suna nan.

Wanda ke da ɗakin ƙarfe, ya leƙa bayan ƙofarsa yau ya ga ko akwai mai lamba 30 mA. In babu, shi ne abin saye na farko, kafin sabuwar caja.

Allah ya kare mu da iyalanmu, ya sa albarka a nemanmu. Sai mun sake haɗuwa.