Labarin Bagdadiyya ta Jidda da Naman Tsuntsun Daji

 Ga labarin wata unguwa ta birnin Jidda da ake kira Bagdadiyya, da abin da muka gano game da naman tsuntsun daji a ƙasar Hijaz. Wani ya ce, ina ruwan mai zuwa Makka da zancen zabo da fakara? To, da ruwansa ƙwarai, domin a wannan ƙasa tsuntsu guda yana iya jawo wa mutum tara wurin hukuma, ya kuma ɗora masa fansa a cikin aikin hajjinsa.

Jidda tana bakin Bahar Maliya, kimanin mil 45 yamma da Makka. Tun zamanin Halifa Usmanu ɗan Affan, shekara ta 26 bayan Hijira, aka mai da ita mashigar Makka ta hanyar ruwa. Dā gari ne mai ganuwa da ƙofofi kamar Kano, sai a 1947 aka rushe ganuwar don mutane sun yi yawa. Tsohon garin da ke ciki shi ake kira Balad, mai dogayen benaye na dutsen teku da tagogin katako. In ka fito daga Balad ta arewa, ka wuce Filin Mubaya'a da tafkin Arba'in, to ka shiga Bagdadiyya. Kashi biyu ce, ta gabas da ta yamma. Maƙabartar da ake dangantawa da Nana Hawwa'u ba ta da nisa da ita, haka kuma Kandara, inda tsohon filin jirgin sama yake. Alhazanmu da suka tashi daga Ankara ko Kano kafin 1981 duk a nan suka sauka, sa'an nan aka buɗe sabon fili can arewa da gari.

Mutanenmu ba baƙi ba ne a waɗannan unguwanni. Kakanninsu sun zo da ƙafa ta Barno da Darfur da Hartum, suna yada zango suna noma ko ƙodago, har su kai Sawakin su ƙetare teku. Wasu sukan yi shekara biyar a hanya, wasu fiye. Bayan yaƙin Burmi a 1903 ƙaura ta ƙaru, waɗansu suka tsaya Sudan, waɗansu suka zarce. Ana kiransu Takari. Su ne suka kai wa Hijaz tsire, har yau ana sayar da shi a Makka da Jidda da sunan siriya, da yajin ƙuli-ƙuli kamar na gida. Sai dai wanda ya san Jidda dā, in ya koma yanzu sai ya nemi ja-gora. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 hukuma ta rushe tsofaffin unguwanni masu yawa, irin su Sabil da Kandara da Hindawiyya, rusau ɗin ya taɓa wani sashi na Bagdadiyya, mutane da yawa sun watsu zuwa bayan gari.

Wurin tsofaffin Takari muka fara bincike, domin kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma duk daɗewar Bahaushe a wata ƙasa ba ya mance farfesun zabo. Abin da ya tabbata shi ne, tsuntsun nan mai dogon wutsiya da Turawan Ingila ke kiwo don su harba lokacin sanyi, babu shi a dajin Hijaz, babu shi kuma a namu. Asalinsa ƙasashen Asiya ne. Amma 'yan'uwansa suna nan. Akwai wanda Larabawa ke kira hajal, ya yi kama da fakara, yana zaune cikin duwatsun Ɗa'ifa da na Asir, inda tudu ya kai kusan ƙafa 6,000 ko fiye, ga sanyi ga itatuwa. Akwai zabon daji sosai irin namu, suna kiransa kazar Habasha, amma sai can kudu wajen Jizan kusa da iyakar Yamal, tafiyar fiye da mil 400 daga Jidda, kuma saura kaɗan ya rage. Akwai hubara, ƙanwar tuje, wadda sarakuna ke farauta da shaho. Sa'an nan akwai salwa, wadda aka ambata cikin Alƙur'ani a labarin Bani Isra'ila. Ita baƙuwa ce. Da kaka takan taso daga ƙasashen Turai garke-garke, ta ƙetare teku cikin dare, ta faɗo gaɓar Masar da Sina'i a gajiye, wasu su biyo gefen Bahar Maliya zuwa Afirka. In bazara ta yi su koma.

Kun san yadda muke kama namu. Bayan an yi girbi fakara takan fito gona da sassafe da kuma yamma tana tsintar hatsi. Yaro ya lura da turbarta, ya ɗaura asuta da gashin wutsiyar doki, ya barbaɗa gero, ya koma nesa ya laɓe. Zabi kuwa sai a nemi itacen da suke kwana, ko a sa karnuka su kore su har su gaji, gama zabo ya fi son gudu bisa ga tashi. Maharbi na ainihi yakan ɗaura kan burtu a goshinsa, ya rufa da baƙin zane, ya yi ta rarrafe yana kaɗa kai har ya shiga tsakiyar garke. Larabawan ƙauye su ma suna da nasu dabarun. Akwai raga da ake shimfiɗa wa salwa a bakin teku, akwai shaho da ake horarwa watanni har ya san muryar ubangidansa, akwai kuma karen farauta siriri mai suna saluƙi. Amma da bindiga da mota suka shigo bayan an sami man fetur, sai farauta ta wuce kima. Wurin da mai raƙumi kan yi kwana uku bai kai ba, mai mota ya je ya dawo kafin azahar. Hubara ta kusa ƙarewa, har a 1986 gwamnati ta kafa hukumar kiyaye namun daji, ta buɗe gidan kiwon hubara kusa da Ɗa'ifa don a riƙa sakinta daji.

Saboda haka yanzu ba a farauta a Saudiyya sai da takardar izni. Hukuma ita ke yanka lokacin, daga kaka zuwa tsakiyar sanyi, ita ke faɗin irin tsuntsayen da aka yarda a kama. An hana raga, an hana na'urar da ke kwaikwayon kukan tsuntsu don ta yaudare shi, an hana farauta cikin gari da gandun daji na gwamnati da bakin teku. Tarar da ake ci mai nauyi ce. Baƙo mai bizar hajji ko umra ba shi da abin da zai kai shi wannan sha'ani. In wani ya tare ku a lungu ya ce ga tsuntsun daji a ɓoye da araha, ku ba shi haƙuri ku wuce. Garin neman gira kada a rasa ido.

Wannan dokar hukuma ke nan. Ta shari'a kuwa ta fi ta tsufa, ta kuma fi ta nauyi. Jidda ba ta cikin Harami. Iyakar Harami ta wannan hanya tana Shumaisi, wurin da aka yi sulhun Hudaibiyya. To, mutum biyu aka hana wa farautar tudu. Na ɗaya wanda ya ɗaura harami, ko ina yake, ko da yana zaune a masaukinsa a Bagdadiyya. Na biyu duk wanda ke cikin iyakar Harami, ko bai ɗaura ba. Suratul Ma'ida, aya ta 95, ta bayyana fansar wanda ya kashe: ya yanka dabbar gida kwatankwacin abin da ya kashe bisa hukuncin adilai biyu, ko ya ciyar da miskinai, ko ya yi azumi. Tantabarun Makka da kuke gani suna yawo tsakanin ƙafafun mutane, fansar guda ɗaya akuya ce ko tunkiya. Ba kisa kaɗai aka hana ba. Mai harami ba ya nuna wa maharbi inda tsuntsu yake, ba ya miƙa masa makami, ba ya cin abin da aka farauto dominsa. Labarin Abu Ƙatada ya nuna haka: ya kashe jakin daji alhali bai ɗaura harami ba, abokan tafiyarsa masu harami suka ci, aka kuwa yarda musu domin ba wanda ya taimake shi ko da nuni.

Sauƙin da ke ciki shi ne, aya ta 96 ta halatta abin da aka kamo daga teku. Jidda kuwa garin kifi ne. Babbar kasuwar kifi da ake kira Bangala ba ta da nisa da Bagdadiyya, wanda ya sammaka ya ga najil da harid da jatan lande sababbin fitowa daga ruwa. Haka kuma kaza da sauran dabbobin gida ba farauta ba ne, mai harami yana ci. Abin da ya kamata a tambayi malamai a kansa shi ne tsuntsun da asalinsa na daji ne amma aka yi kiwonsa a gida, kamar salwa da tantabara, domin mazhabarmu ta Malikiyya tana da tsanani a nan. Mai hankali ya dakata har ya kwance harami. Akwai kuma hukuncin da ya shafe mu ko a gida: tsuntsun da ya mutu cikin tarko mushe ne. Sai an same shi da rai an yanka da bisimilla. Ku gaya wa yara masu ɗana asuta su riƙa zagayawa da wuri.

Salwar da ake samu a manyan kantunan Jidda ta kiwo ce, an fige ta an sa a ƙanƙara, ba ruwan mai saye da hukuma. Ita muka ci, bayan mun gama umra mun kwance harami, a gidan wani dattijo wanda kakansa ya zo daga ƙasar Katsina. Matan gidan suka yi mana girki iri biyu don mu gwada. Na fari irin na Hijaz, ana kiransa saliƙ. Sai a tafasa tsuntsayen da albasa da hel da kirfa, a tsame su, a zuba shinkafa cikin romon ta dahu luguf, a ƙara madara ana juyawa har ta yi kauri kamar fate, sa'an nan a gasa naman ya yi ja, a ɗora bisa shinkafar, a kwarara man shanu. Ana ci da wani yaji na tumatir da ɗanyen barkono da suke kira duggus. Na biyu farfesu irin na gida, da citta da masoro da kanumfari da kimba da tafarnuwa da daddawa. Salwa ƙarama ce, ba ta kai tafin hannu biyu ba, mutum ɗaya yana cin biyu ko uku, kuma rabin sa'a ya ishe ta a wuta.

Zabon daji da fakara ba haka suke ba. Sun yi gudu duk tsawon ransu, namansu baƙi-baƙi ne mai tauri, ba kitse. Wanda ya jefa su cikin mai kai tsaye zai tauna igiya. Sai an fige, an babbaka, an wanke, an yayyanka, a dafa a wuta kaɗan-kaɗan sa'a biyu ko fiye, tukunya a rufe, har naman ya fara sakin ƙashi. Daga nan in an so a soya da man gyaɗa a barbaɗa yaji, in an so a bar shi cikin romonsa. Wanda aka harba da bindiga a duba shi da kyau a cire harsashi, don kada tsoho ya yi asarar haƙorin da ya rage masa. Mutanen kudancin Saudiyya suna da wata dabara da ta dace da irin wannan nama, watau mandi: a haƙa rami, a hura wuta a ciki har ta zama garwashi, a sa tukunyar shinkafa a ƙasa, nama a bisanta, a toshe bakin ramin, tururi da hayaƙi su yi aikinsu. Masu gasa zabi a bakin titin Tamale da Bolga da Kumasi suna iya gwada wannan, ba ta bukatar kome sai rami da haƙuri.

Cin abinci a can bai bambanta da namu ba ƙwarai. A shimfiɗa leda a ƙasa, a ajiye babban faranti a tsakiya, a kewaye shi, kowa ya ci gabansa da hannun dama. Mai gida ya riƙa yagar nama yana turawa gaban baƙo. In an gama a kawo gahawa mai hel cikin ƙananan finjalai, da dabino. In ka ƙoshi da gahawa sai ka girgiza finjalin, in ba haka ba za a yi ta ƙara maka.

Abin da muka ɗauko daga wannan tafiya ya shafi gida. Dattawan da suka yi fataucin goro da shanu tsakanin Salaga da ƙasar Hausa suna ba da labarin garken zabi da kan tare hanya da safe. Yau mai mota yakan yi tafiyar yini bai ga ko ɗaya ba, saboda ƙunar daji da saran itace da kwasar ƙwai da damina. Larabawa sai da nasu ya kusa ƙarewa suka farga, suka kashe dukiya mai yawa wajen mayar da shi. Mu ba mu da irin wannan dukiya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Muna roƙon sarakunan zango da limamai su yi wa mafarauta magana, a bar zabuwa da fakara su yi ƙwai su ƙyanƙyashe da damina, a bar farauta sai kaka ta yi. Masu jari kuma su dubi kiwon zabi da salwa, gama kasuwarsu ba ta kwantai.

Maniyyatan bana, Allah ya kai ku lafiya, ya karɓi ibada, ya komo da ku gida lafiya. Haza wasalam.