Milimita ɗaya a kan kulas

Yau na aje maganar gari, na zo da ta gidanmu.

Bara na kwashi adashe na saya ma ƙanena babur 125, ya shiga kabu-kabu nan Maradi. Da shi yake cefane, da shi yake biyan kuɗin lakkwal ɗin ɗiyarshi. Bayan ƴan watanni sai ga shi da ƙorafi: "Yaya, babur ɗin nan ba ya ja. In na ɗauko mutum da buhu, yara wuce ni suke." Wai wani a garaji ya ce a kankare kulas milimita ɗaya, a sa piston mai tozo maimakon mai shafaffen kai, kompresiyon ya ƙaru. Ni da ban san komi ba, na miƙa kuɗin aiki.

Sati biyu yana ta yabo. Cikin watan Afrilu, rana tsaka, kan hanyar Madarunfa, injin ya fara ƙara kamar an zuba tsakuwa cikin gwangwani. Bai tsaya ba, don akwai fasinja. Sai hayaƙi, sai shiru. Da aka buɗe, piston ya huje a tsakiya.

Wani dattijon makanike muka kai ma. Ya juya piston ɗin a hannu, ya ce: "Wa ya aike ku?" Sannan ya zana mini lissafin a ƙasa da sipana, har na tuna darasin fizik na lise.

Ga yadda abin yake. In piston ya hau, iska da esansi yake matsewa cikin ɗan ramin da ke ƙarƙashin kulas. A irin wannan injin, silinda na ɗaukar santimita kub 124, ramin kuma kamar 15 da rabi, wato matsi 9 bisa 1. Faɗin piston milimita 56 da rabi ne, saboda haka milimita ɗaya da aka kankare na iya cinye kusan kub 2 da rabi. Matsi ya haura 10 ke nan, tun ba a sa tozon piston cikin lissafi ba. Su kuwa duka biyun suka yi, ba wanda ya auna. Ƙarfin da wannan milimita ke ƙarawa fa bai wuce kashi 4 ko 5 cikin 100 ba.

Matsi in ya yi yawa, mai ba ya jiran wutar buji ta gama cin shi, saura sai ya fashe da kanshi ya doki kan piston. Ƙarar tsakuwar ke nan. Sai mai mai oktan da yawa ke jure hakan. To mu da rabin mai a kwalba muke sayen shi bakin hanya, wa ya san oktan ɗinshi? Ga injin da iska kawai ke sanyaya shi, ga zafi sama da digiri 40.

Dattijon bai ce haramun ne ba. Ya ce masu tsere na yi, amma sai sun auna ramin da sirinji, sun duba ko supap za su taɓa piston, sun gyara lokacin wuta da karburata.

Sati uku babur na jingine a zaure, ni nake cefanen gida biyu. Mun sayi kulas irin na asali da piston mai shafaffen kai. Jiya ƙanen nawa ya sake cewa yara na wuce shi. Na ce su wuce.